Bin Sawun Doka Daga Zongo Zuwa Porto-Novo

(Jawabin da sakataren reshenmu na Kotonu ya gabatar a taron makiyaya da fataken shanu da aka yi a Gbégamey, daura da Zongo.)



An ce in yi magana a kan takardun majalisar dokoki, da yadda mutum zai nemo su. Da shugaba ya faɗa mini haka sai na yi dariya, don kun san ni. Aji shida na yi a makarantar boko, Faransancina kuwa rabinsa a kara na tsince shi. Amma na karɓa, domin abin da zan faɗa muku ba a littafi na karanta ba, da ƙafata na bi shi, kuma na sha kunya kafin in gane hanya. Gara ku ji daga bakina, kada ku sha irin wadda na sha.

Ga yadda abin ya faro. A shekarar 2021 wani ɗan'uwanmu ya yi lodin shanu daga kasuwar Gogounou zai kawo Kotonu. A kan hanya, a shingen wata komin da ba zan faɗi sunanta ba, aka tsayar da mota aka ce sai ya biya kan kowane sa. Ya nuna rasit ɗin da ya biya a inda ya yi lodi. Aka ce wannan daban. Ya ce wa ya sa wannan kuɗi? Aka ce da shi doka ce, depitoci suka sa, in yana da magana ya tafi Porto-Novo. Rana tana yi, shanu suna tsaye a mota tun jiya ba ruwa, sai ya biya. Takardar da aka ba shi ba hatimi, ba lamba. Da ya iso ya kawo mini ita ofis ya ce, "Sakatare, kai ne mai karatu, shin da gaske depitoci suka sa?" Wallahi ban sani ba. Na ce masa ya ba ni lokaci.

Kalmar nan "doka ce" ta daɗe tana cin dukiyarmu. Da an faɗe ta sai mu sa hannu a aljihu, kamar an ambaci aljani. Alhali doka tana da sawu, kamar yadda saniya take da sawu. In saniyarka ta ɓata, ba ka zama a ruga kana tambayar masu wucewa, sai ka koma inda aka gan ta na ƙarshe ka sa ido a ƙasa. To haka na ce zan yi.

Zuwana na farko Porto-Novo ban samo kome ba, kuma laifina ne. Na tafi a watan Satumba, majalisa ba ta zama. Ashe kundin tsarin mulkinmu na 11 ga Disamba 1990 ya tsayar da zama biyu a shekara, ɗaya yana buɗewa a farkon rabin Afrilu, ɗaya a ƙarshen rabin Oktoba, kowane ba ya wuce wata uku, sai in an kira zama na musamman. Abu na biyu, na je ina cewa a ba ni "dokar shanu". Wani bawan Allah ma'aikaci ya dube ni ya ce, "Alhaji, wace daga ciki? Mece ce lambarta? Wace shekara?" Na yi tsuru-tsuru. Kamar ka shiga kara ranar kasuwa ka ce a nuna maka farar saniya. Na hau mota na dawo Kotonu, kuɗin mota ya tafi a banza.

Saboda haka abu na farko da za ku riƙe shi ne lamba. Dokar da ta fi shafarmu, wadda ake kira Code pastoral, wato kundin dokar kiwo, lambarta 2018-20, ranarta 23 ga Afrilu 2019. Ku lura da kyau, lamba ta ce 2018, rana ta ce 2019. Ba kuskuren mai bugawa ba ne. Lambar tana nuna shekarar da depitoci suka jefa ƙuri'a, ranar kuwa ita ce ranar da shugaban ƙasa ya sa hannu. An amince da ita a majalisa ranar 3 ga Yuli 2018, lokacin Adrien Houngbédji yana shugaban majalisa, depitoci suna 83, kafin a ƙara su zuwa 109 a 2023. Shugaba Patrice Talon ya sa hannu bayan wata tara da 'yan kwanaki. Wanda ya je neman muhawarar wannan doka a takardun Afrilu 2019 zai wuni bai ga kome ba.

Kuma ga wata dabara da ɗan ƙanena mai karatu a jami'ar Abomey-Calavi ya nuna mini. Kowace doka, a layinta na farko, tana faɗin ranar da majalisa ta zauna ta amince da ita. Ke nan in ka samu takardar dokar, ka samu bakin zaren. Takardar dokar kuwa ba wuyar samu gare ta ba yanzu. Ofishin babban sakataren gwamnati yana sa dokoki da dekere a intanet, yaron nan a wayarsa ya buɗe mini, muka je shagon kwamfuta nan bakin titi aka buga mana. Kafin wannan kundi, dokar da ta yi shekara talatin da wani abu tana mulkin kiwo ita ce mai lamba 87-013 ta 21 ga Satumba 1987, ta zamanin juyin-juya-halin Kérékou. Har yau akwai masu ambato maka ita a daji kamar ba a yi wata ba. In ka san lamba da shekara, ka san wadda ake nufi.

To yanzu bari in faɗa muku hanyar da doka take bi, don nan ne na fi ƙaruwa. Doka tana iya fitowa daga gwamnati, tana iya fitowa daga hannun depite. Ko ta ina ta fito, ba a kai ta zauren majalisa kai tsaye. Shugaban majalisa yana miƙa ta ga kwamiti. Kwamitocin dindindin biyar ne, amma biyu suka fi shafarmu. Akwai kwamitin tsare-tsare da ayyuka da albarkatu, wanda sha'anin noma da kiwo yake hannunsa. Akwai kwamitin kuɗi da ciniki, wanda haraji yake hannunsa. A cikin ɗakin kwamiti ake zama da minista da ma'aikatansa, a bi doka aya-aya, a ce cire wannan kalma, ƙara waccan, rage wannan adadi. Zaman nan ba kowa ke shiga ba, sai wanda aka gayyata. In sun gama sai su rubuta rahoto, a karanta shi a zaure, sannan a yi muhawara a jefa ƙuri'a.

'Yan'uwa, ku da kuke kasuwa kun san wannan tsari. In ka ga an tafa hannu a tsakiyar kara an ce Allah ya sa albarka, cinikin ba nan aka yi shi ba. An yi shi tun a gindin bishiya, tsakanin dillali da fatoma, murya ƙasa-ƙasa. Zauren majalisa da muke ji a rediyo wurin tafa hannu ne. Gindin bishiyar shi ne kwamiti. Mu kuwa kullum sai an tafa muke zuwa muna kuka.

Shi ya sa na ce muku rahoton kwamiti ya fi kowace takarda amfani ga mai son ya san dalilin doka. A cikinsa ake faɗin inda dokar ta samo asali, da abin da aka ce za ta gyara, da tambayoyin da depitoci suka yi, da amsar da gwamnati ta bayar, da ra'ayin kwamitin a ƙarshe. In ka haɗa rubutun da ya shiga kwamiti da rubutun da ya fito aka sa wa hannu, ka jera su gefe da gefe, za ka ga inda aka taɓa. Aiki ne mai cin ido, mu mun yi shi da fensir da rula, yaro yana karantawa ina sa alama. Amma ta haka kaɗai ake sanin ko wata kalma da take cutar da mu tun asali take, ko a hanya aka cusa ta.

Bayan rahoto sai rubutun muhawarar kanta. Aya ta 86 ta kundin tsarin mulki ta ce a buga cikakken abin da aka faɗa a zaman majalisa a jaridar gwamnati, wato Journal officiel. Ke nan ba alfarma kake roƙo ba in ka nemi ka gani. Jaridar gwamnati a Porto-Novo take, majalisa tana da nata ɗakin ajiyar takardu, tsofaffin takardu na ƙasa kuma suna gidan ajiya na ƙasa a unguwar Ouando. Sannan akwai dokar watsa labarai mai lamba 2015-07 ta 20 ga Maris 2015, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma. Shawarata ita ce kada ka je da baki kawai. Ka rubuta wasiƙa da sunan ƙungiya, ka sa lambar doka da ranar zama, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka dawo da ita gida. Zuwana na biyu haka na yi, kuma yadda aka karɓe ni ya bambanta. Ga masu jin Faransanci kuma, majalisa tana da gidan rediyonta, Radio Hémicycle, ana sa muhawara. Yaranmu da suke wuni da abin sauraro a kunne, da za su ba mu awa ɗaya ranar da ake maganar kiwo, da sun yi mana aiki.

Amma a nan zan ja kunnenku, don na ga mutanenmu suna faɗawa wannan rami. Abin da depite ya faɗa a zaure ba doka ba ne. Ko da ya rantse ya ce ba wanda zai ƙara taɓa makiyayi, ko da an tafa masa, in maganar ba ta shiga cikin aya ba, alƙali ba zai yi hukunci da ita ba, jandarma ma ba zai saurare ka ba. Amfanin rubutun muhawara biyu ne. Yana taimaka wa lauya ya nuna abin da masu doka suka nufa in kalma ta zo da harshen damo. Kuma yana ba mu abin da za mu riƙe mutum da shi. Lokacin zaɓe kowa ɗan'uwan makiyayi ne, kowa kakarsa Bafillatana ce. To ga takarda, ranar da aka yi maganar burtali, ka yi magana ko ka yi shiru? Kana ma cikin zauren kuwa?

Sai abu na gaba, wanda ni kaina ya girgiza ni. Kundin 2019 ya yarda da cewa kiwo sana'a ce mai haƙƙi. Ya yi maganar wuraren kiwo, da burtali, da wuraren hutawar dabbobi, da mashaya, ya tsara yadda garke zai yi tafiyar rani. A sama da shi kuma akwai shawarar shugabannin CEDEAO ta Oktoba 1998 da aka yi a Abuja, wadda ta ce garke yana iya ƙetare iyaka in yana da takardar shaidar tafiya, da rana ba da dare ba, da makiyayi ɗaya aƙalla ga kowane shanu 50, kuma makiyayin ya kai shekara 18. To wata takwas bayan sa hannu a kundin, ranar 26 ga Disamba 2019, sai ga takarda ta fito ta hana garken ƙasashen waje shigowa Benin. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka saba gangarowa ta Malanville da Karimama suka tsaya cirko-cirko a bakin kogi, sai da gwamnatocin biyu suka zauna aka ba shanu 50,000 izinin shiga daga Maris zuwa Mayu 2020.

Wannan takarda ba dokar majalisa ba ce. Arete ce, ministoci suka haɗu suka sa hannu. Haka ma ofishin babban kwamishina mai kula da zaunar da makiyaya wuri ɗaya, da aka kafa a watan Yuni 2021, da dekere aka kafa shi a majalisar ministoci. In ka je neman ƙuri'ar da depitoci suka jefa a kan waɗannan, ba za ka samu ba, don ba ta hannunsu suka bi ba. Ba ina nan don in ce hanin ya yi daidai ko bai yi ba. A cikin ɗakin nan akwai wanda ya ji daɗinsa don ciyawa ta ishe shi a shekarar, akwai wanda ƙaninsa ya yi asarar rabin garke a hayin kogi, kuma duk mun san jinin da aka zubar tsakanin manoma da makiyaya a kwarin Ouémé kafin a kai ga haka. Abin da nake so ku gane shi ne takardu hawa-hawa ne. Kundin tsarin mulki yana sama, sai doka, sai dekere, sai arete na minista, sai na parefe, sai na magajin gari. Na ƙasa ba ya da ikon saɓa wa na sama. Kuma in ka karanta kundin kiwo za ka yi ta cin karo da ayoyi masu cewa "za a tsayar da yadda za a yi da dekere". Duk inda ka ga haka, ka san sawu bai ƙare ba, ya shiga wani daji ne.

Depitoci ma suna da hanyar shiga wannan daji in sun so. Kundin tsarin mulki ya ba su ikon yi wa gwamnati tambaya a rubuce, ko tambaya da baki a zaure, ko kafa kwamitin bincike. Tambayoyin nan da amsoshinsu su ma ana ajiye su. Saboda haka in depiten yankinku ya ce muku ba ruwansa, ministoci ne suka yi, ku ce masa, "Ranka ya daɗe, to ka tambaye su?" Ɗan ƙasa kuma da kansa yana iya rubuta wa kotun tsarin mulki in ya ga an taka haƙƙinsa, ba sai ta hannun kowa ba.

Bari in koma kan ɗan'uwanmu mai lodin Gogounou, don na ga yana kallona. Abin da muka gano shi ne maganar mutumin shinge rabin gaskiya ce, kuma rabin gaskiya ta fi ƙarya wuyar kamawa. Lalle akwai harajin raya komin, wanda a lokacin ake kira TDL, kuma lalle yana hawa kan dabbobi, kuma lalle depitoci ne suka amince da shi cikin dokokin kuɗi. Amma majalisa ba ta yanke adadi ɗaya ga ƙasa duka ba. Ta sa ƙasa ta sa sama, ta bar wa kowace komin, cikin 77 da muke da su, ta tsayar da nata a tsakani, a rubuce. Ke nan takarda biyu ake bukata kafin a ce da kai biya, ayar doka da shawarar komin. Muka rubuta wa komin ɗin muka nemi tasu shawarar. Da ta zo, abin da aka karɓa hannun ɗan'uwanmu ya zarce abin da ke rubuce. Kuɗinsa bai dawo ba, ba zan yi muku ƙarya ba, don takardar da ba hatimi ba ta kama kowa. Amma mun buga kwafin shawarar mun raba wa direbobi da 'yan rakiya, kuma tun daga lokacin wanda ya fito da ita a shingen nan, abin da ke rubuce yake biya. Ku lura dai, dokar haraji ana taɓa ta kusan kowace shekara, an ma sake kundin harajin gaba ɗaya a Disamba 2021, don haka kwafin bara ba lalle ya yi aiki bana ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake roƙon taron nan ya yanke yau. Zaman Oktoba shi ne zaman kasafin kuɗi. Kafin a kai kasafi zaure, kwamiti yakan saurari mutanen waje, ƙungiyoyin ƙwadago, da 'yan kasuwa, da ƙungiyoyin farar hula, kowa ya kawo takardarsa ya faɗi inda takalmi ke matsa masa. A nan ake taɓa haraji, a nan ake sa kuɗin rigakafi da na dam da na shata burtali, ko a hana. Mu da muke ciyar da Kotonu nama, sau nawa aka ji muryar fataken Zongo a wannan ɗaki? 'Yan'uwanmu na ANOPER a Gogounou sun yi shekaru suna bin maganar kundin kiwo kafin ya tabbata, ba su jira an tafa ba. Ina ganin mu haɗa kai da su, mu rubuta takardarmu tun watan Agusta, mu nemi a saurare mu. In an ƙi, mu miƙa ta ga depitocin da ke cikin kwamitocin nan biyu, hannu da hannu, a sa mana hatimi.

Takarda kuwa ba ta tsayawa sai da hujja. Don haka daga yau, duk wanda aka karɓi kuɗi hannunsa a hanya, ya ajiye rasit, ko mai hatimi ko marar hatimi. Ya sa a rubuta masa a baya rana, da wuri, da yawan dabbobi. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, za mu karanta. Mun sa akwati a ofis saboda wannan. A cikin akwatin kuma akwai kwafin kundin kiwo da na shawarar CEDEAO, duk mai so ya zo bayan la'asar ranar Asabar, yaranmu biyu sun yarda za su riƙa karantawa suna fassarawa da Hausa da Fillanci. Muna bukatar ƙarin yara biyu masu jin Dendi da Barganci saboda baƙinmu na arewa, da kuma gudummawar kuɗin mota zuwa Porto-Novo, wanda ma'aji zai zagaya da faranti bayan an tashi.

Shugaba, na ci lokaci fiye da wanda aka ba ni, a gafarce ni. Wanda yake da tambaya ina nan.